Kaset Ɗin da Na Ce Na Ƙona

Zuwa ga 'yata Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah takardar nan ta same ki kin sauka Kano lafiya, kin ci tuwon Gwaggonki Hajara, kin wartsake daga gajiyar jirgi. Na ce ki buɗe ta bayan kin huta, amma na san halinki. Idan tun ba ku bar Jidda ba kika yage ambulan ɗin, babu komai, ki karanta a hankali. Allah Ya tsare min ke a sama da ƙasa.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san da Larabci ne da kin gama kafin a kawo muku shayi, amma inda za ki yi karatun nan babu wanda zai gane idan kika ce a miƙo miki mil'aƙa kina nufin cokali. Gara ki fara wahala da ni, tunda ni ba zan yi miki dariya sosai ba. Kuma abin da zan gaya miki da Hausa na aikata shi, ban san yadda zan faɗe shi da wani harshe ba.

A ƙarƙashin takardar akwai ƙunshi a cikin farin hankici. Kaset ne, kin san shi. A kansa na rubuta duk wannan.

Shekaranjiya muna cin abincin rana kika yi min tambaya biyu. Kin kwana uku kina zazzage kwalin tsofaffin kasakasan da ke saman kabad, kina juye su cikin wayarki da wannan 'yar na'ura da kika aro. Kika ce, "Abuya, waɗanda suka lalace fa? Tunda mun riga mun saye su, ya'ani namu ne, akwai laifi in na sauke su daga intanet?" Ban amsa ba kika ƙara ta biyu. Kika ce kin samu wani da babu rubutu a jikinsa, waƙar biki ce, kuma can wajen ƙarshe akwai wata mace da ta yi dariya ta yi magana. Kika ce, "Abuya, Mama ce, ko? Zan tura wa 'yan guruf ɗinmu su ji muryarta."

Na tsame hannuna daga abinci na fita. Na ga fuskarki lokacin, na san kin ɗauka kewar mahaifiyarki ce ta tashe ni. Akwai kewa, ba zan musa ba. Amma abin da ya fitar da ni kunya ce. Ke kina da shekara huɗu ta rasu, ba ki riƙe muryarta ba, ranar farko da kika ji ta kuma ubanki ya tashi ya bar ki da kwano. Ki yafe min wannan tukuna kafin mu shiga sauran.

Kin taso kin gan ni ina sayar da carbi da darduma da turare a unguwar Zahir nan Makka, kina jin mutane suna ce min Alhaji mai turare. Kafin a haife ki ba sunana ke nan ba. Mai kaset ake ce min. Ina da ɗan shago a Kudai, daf da inda motocin alhazai suke tsayawa, faɗinsa bai fi mutum ya buɗe hannuwansa biyu ba. A ciki akwai rikoda mai baki biyu, ka sa kaset mai magana a ɗaya, ka sa sabo a ɗayan, ka danna, su yi ta juyawa tare. Karatun Alƙur'ani da wa'azi su ne a kan tebur. Waƙoƙin gida kuwa, na bege da na biki da na manoma, suna cikin kwali a ƙasa, kuma su ne alhazanmu suke tambaya da murya ƙasa-ƙasa bayan sun gama aikin Hajji, kewar gida ta fara cin su.

Abin da nake yi shi ne in sayi ɗaya mai kyau, in haifar masa 'ya'ya. Ban taɓa jin ɗar ba. Idan wani ya yi min magana, amsata a shirye take: da kuɗina na saya, nawa ne. Kakanki ya zo ƙasar nan da ƙafa ta Chadi da Sudan, abin da ya koya min shi ne kada in taɓa kayan wani. Ni kuma a ganina ban taɓa ba. Ga kaset a hannuna, ga wanda ya sayar min yana raye yana iya ba da shaida.

Wata shekara wani tsoho daga wajen Sakkwato ya tsaya a bakin shagon, kansa a aske, bai daɗe da sauka daga Mina ba. Na sa wani kaset na begen Annabi yana yi. Ya tsaya har baiti uku suka wuce, leɓensa yana motsi tare da muryar. Na zaci mai saye ne, har na fara yi masa talla, ina gaya masa wannan murya babu irinta.

Ya ce, "Ɗan nan, wagga waƙa wa ya ba ka?"

Na ce, "Saya na yi, Alhaji."

Ya dubi jerin da na shirya a gefe, duk iri ɗaya. Ya ce, "Ka sayi guda. Waɗanga sauran fa, su ma saye ka yi?"

Shi ne mai waƙar. Ya ce shekara biyu ya yi yana gyaran baitocin kafin ya yarda a ɗauka. Bai yi faɗa ba, bai nemi komai ba. Ya ɗauki ɗaya ya juya gaba da baya, ya ce ko sunansa ban rubuta ba. Na ba shi kwalbar turare, na raka shi bakin mota, na dawo ina ba maƙwabtana labari muna dariya, wai na yi wa mai kaya tallar kayansa. Daga ranar na fara rubuta sunansa a jikin kowane kwafi, na ɗauka na gyara ke nan.

To, ga amsar tambayarki ta farko, gwargwadon abin da na gane a makare. Ni ba lauya ba ne, ba kuma malami ba. Maganar halaccin kiɗa da waƙa ita kanta malamai sun yi saɓani a kai, kin san abin da muke ji a gidanmu da abin da ba ma ji, ba ita nake buɗewa ba. Akwai wani malami ɗan Katsina da yake karatun shari'a a nan, yana sayen turare a wurina, na tambaye shi jiya. Ya ce dokar ƙasashe ba ɗaya ba ce. Wasu sun sassauta wa mutum ya juye abin da ya saya don kunnensa shi kaɗai, wasu ba su sassauta ba, don haka in kin isa ki tambayi waɗanda suka san ta can. Ya ce amma rabawa mutane ba da izinin mai abu ba, wannan ko nan ko can ba a yarda da shi ba.

Ni kuma abin da zan ƙara miki ba daga littafi na samo ba. Lokacin da na sayi kaset, robar na saya da zaren da ke ciki, da damar in saurara iya son raina. Shekara biyun da tsohon nan ya yi yana gyaran baitoci ba ta cikin cinikin. Idan kika juye namu cikin wayarki don ki ji ke kaɗai a ɗakin kwanan ɗalibai, zuciyata ba ta yi min nauyi a kai ba, tunda kunnen da aka sayar wa shi ne dai yake ji. Amma idan namu ya lalace kika je wani shafi kika sauke, ki duba wa ya ajiye shi a can. In mai waƙar ne ko magadansa ko wanda suka ba izini, bismillah. In kuwa wani ne irina, mai rikoda mai baki biyu ta zamani, to kaset ɗin da ke cikin kwalinmu a Makka bai wanke hannunsa ba, kuma daga hannunsa kike karɓa. Na san ƙawayenki za su ce kowa yana yi. A Kudai ma kowa yana yi, shagunanmu a jere suke.

Da a nan na tsaya da ba sai na rubuta miki takarda ba, da a mota zan gaya miki a hanyar Jidda. Tsohon nan gargaɗi ne Allah Ya aiko min har bakin shago, na mayar da shi abin dariya. Bayan shekara ɗaya aka ɗaura mana aure da mahaifiyarki.

A lokacin akwai wata mata a unguwarmu, Hajiya Kande. Zabiya ce, wato mai waƙar biki, kuma duk Hausawan Makka babu gidan da ba ya son ta zo wuninsa. Da ƙwarya take yi da tafin mata, babu wani kayan kiɗa. Ta san kakannin kowa, ta san wanda ya biyo ta Sudan da wanda ya tsaya noma a hanya shekara bakwai kafin ya ƙaraso, tana saka su cikin waƙa har tsofaffi su yi kuka. Mijinta Malam Idi direban motar alhazai ne, mutum mai kunya da kawaici. Ya yarda ta yi sana'arta a kan sharaɗi ɗaya, wanda ita ma nata ne tun kafin ya faɗa: muryarta ta tsaya a cikin mata. Shi ya sa ba ta yarda da rikoda. In ta ga an shigo da ita sai ta kife ƙwaryarta ta yi shiru har a fitar.

Mahaifiyarki Rabi kuwa 'yar ɗakinta ce, a hannunta ta koyi girki da ɗinki bayan rasuwar kakarki. Saboda ita kaɗai Hajiya Kande ta karya dokarta ranar bikinmu. Gwaggonki Hajara ce ta hau da rikodata saman soro inda mata suke wuni, kuma ita ta sauko min da saƙo tare da kaset ɗin. Ta ce Hajiya ta ce, "Wannan na Rabi ne. In kewa ta dame ta a gidan miji ta saka ta ji. Ango in zai ji, ya ji a ɗakinsa. Kada ya wuce bakin ƙofa." Na ce na ji, na gode, har na aika mata da turare.

Bai yi wata biyu ba ya wuce bakin ƙofa. Rikodar gida ta fara cin zare, na ɗauke shi zuwa shago da niyyar in yi masa kwafi ɗaya don kada ya lalace. Kin ga, da irin niyyarki na fara, kuma niyyar ba ta da laifi. Ina cikin juyewa wani abokin cinikina ya shigo, ya ji, ya tsaya cak. Ya ce wace ce wannan. Na ce ta bikina ce. Ya ce in yi masa ɗaya don matarsa. Na tuna saƙon Hajiya, ba wai na manta ba. Amma sai na ce a raina, bikina ne, rikodata ce, kaset ɗin ma daga shagona ya fita, matata aka yi wa waƙar. In akwai abin da yake nawa a duniya ai wannan ne. Na yi masa ɗaya.

Bayan mako ya dawo da mutum uku. Kafin Hajjin shekarar na yanke ƙarshen a kwafin da zan sayar, inda ake jin muryar mahaifiyarki, saboda ita na san in kare ta. Sauran na rubuta masa "Zabiyar Makka" a jiki, na zuba cikin kwalin ƙasan tebur. Babu kaset ɗin da ya taɓa fita a shagon nan kamarsa. Ki lura da wannan, Ummi, domin shi ya fi ci min rai yanzu: na san muryar mace abin a ɓoye ce a wurin mutanenmu, tunda na ɓoye ta matata. Ta matar wani ce na ga babu komai.

Malam Idi a cikin motarsa ya ji. Ya ɗauko alhazai zai kai su Jidda, wani ya miƙo kaset daga baya ya ce direba a sa mana wannan. Ya karɓa ya saka da hannunsa. Muryar matarsa ta cika mota, maza cike, suna tafi, wani yana cewa in ya san gidan mai wannan murya ba zai koma Najeriya ba. Bai cire ba, don in ya cire sai an tambaye shi dalili. Haka ya tuƙa su har Jidda.

Washegari da hantsi ya zo shagona. Ya yi sallama, ya tambayi lafiyar amarya, ya ajiye kaset ɗin a kan tebur. Ya ce, "Kai ka yi wannan?" Na fara kame-kame, ina cewa ai ban sa sunanta ba, babu wanda zai gane. Ya ce, "Ni na gane." Sannan ya ce, "Halas, shi ke nan. Allah Ya isa tsakaninmu ban ce ba, don Rabi 'yarmu ce. Amma ka cuce ta." Ya juya ya tafi. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa in ce shi ma ya yi min.

Bai sake ta ba, bai ko ɗaga mata murya ba, kada ki ɗauka mugu ne. Ita ce ta kife ƙwaryarta. Daga wannan shekara Hajiya Kande ba ta ƙara waƙa a bikin kowa ba. Matan da suka roƙe ta ta ce musu ta ba mijinta alkawari, an karya mata shi da hannun ɗan gida, ba ta da fuskar da za ta sake buɗe baki. Sana'arta ke nan, da ita take taimakon gidanta, da ita aka san ta. Duk 'yan matan da aka aurar a unguwarmu bayan mahaifiyarki, babu wadda aka kira mata kakanninta a waƙa. Ke ma in lokacinki ya zo babu mai yi miki, kuma ni ne sanadi.

Kin ce guruf ɗinku ku goma sha wani abu ne kawai, duk mata, duk aminai. Na yarda da su. Abokin cinikina ma mutumin kirki ne, don matarsa ya nema. Ni sai da na zauna na jira zare ya juya kafin kwafi ɗaya ya fito, duk da haka cikin 'yan watanni abin ya fi ƙarfina, ya haye teku ya shiga garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba. Ke yatsa ɗaya za ki sa. Duk abin da aka ba ki aka ce iyakarsa nan, ko murya ce, ko hoto, ko maganar da ƙawa ta yi miki tana kuka, to iyakarsa nan, ko da a cikin wayarki yake, ko da ke kika ɗauka. Wanda ya ba ki shi ya san dalilin da ya sa ya ja layin, ba sai ya yi miki bayani ba.

Saura abu na uku, kuma shi ne wanda babu mai rai da ya sani sai ke yanzu.

Bayan zuwan Malam Idi na kwashe na cikin kwali na farfasa na ƙona. Mahaifiyarki ta yi kwanaki ba ta yi min magana ba sai gaisuwa. Sannan Hajiya Kande ta aiko ta da saƙo. Ba ta nemi in zo ba, ba ta nemi komai daga abin da na samu ba. Ta ce a mayar mata da na asalin, wanda ta ba da amana, tunda amanar ta lalace. Mahaifiyarki ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta miƙo hannu. Na dube ta na ce na riga na ƙona shi tare da sauran.

Ban ƙona ba. Yana cikin aljihun wata tsohuwar rigata. Na sha tambayar kaina me ya sa. Gaskiyar ita ce har a lokacin akwai wani abu a ƙirjina da yake cewa nawa ne. Na yarda na yi laifi da na sayar, amma ban yarda tana da ikon karɓe min na gidana ba. Mahaifiyarki ta je ta gaya mata an ƙona. Hajiya ta ce to, Allah Ya sa haka ne. Wannan ƙarya da bakin mahaifiyarki na aika ta, ita kuma ba ta sani ba.

Na yi ta cewa zan faɗa. In Hajji ya wuce, in azumi ya wuce, in ta haihu. Na rufe shagon kaset na koma turare, mutane suka ce na shiryu, na bar su a haka. Malam Idi ya rasu, na bi gawarsa har Harami ina can baya-baya, ban iya zuwa yi wa matarsa ta'aziyya ido da ido ba. Takardun zamanta suna kan nasa ne, ba a daɗe ba ta tattara ta koma Kano wajen 'yarta. Ranar da za ta tafi mahaifiyarki ta ce in zo mu yi mata sallama, na ce akwai kaya da zan karɓa a Jidda. Babu wasu kaya. Bayan shekara uku mahaifiyarki ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba, ta tafi tana ganin mijinta ya yi kuskure sau ɗaya ya tuba.

Idan kika ɓata wa mutum, Ummi, ki je da wuri, tun abin yana da zafi, tun kina jin kunyarsa. Kada ki jira ranar da zai yi sauƙi, ni na jira ta fiye da shekara ashirin ba ta zo ba. Kuma kada ki rufe laifi da ƙarya don a bar ki ki huta. An bar ni, ban huta ba.

Bayan rasuwar mahaifiyarki sai kaset ɗin ya zama wani abu dabam. Ba mu da waya mai ɗaukar murya a lokacin, ba mu taɓa tunanin ɗaukar ta ba, wa yake ɗaukar muryar matarsa tana yi masa maganar cefane? Abin da ya rage a duniya na muryarta shi ne wannan da kika ji. Hajiya tana tsokanar ta a waƙa, tana cewa amarya ta ƙi ɗaga kai don kada a ga tana murna, sai ta yi dariya ta ce, "Kai, Hajiya, ki bari mana." Shi ke nan, kalma biyar. Duk ranar Juma'a in kin tafi gidan ƙawayenki bayan la'asar, nakan sauko da shi in ji wurin, in mayar da zaren baya daidai inda zai fara, in ajiye. Da na riƙe shi don taurin kai, sai na koma riƙe shi don ba zan iya rabuwa da shi ba, kuma ko ɗaya bai mayar da shi nawa ba. Mai shi ta ce a dawo mata da shi, na ce na ƙona.

Hajiya Kande tana raye. Gwaggonki ta gaya min a waya watan jiya, ta ce ta tsufa sosai, idonta ya tafi, amma hankalinta garau. Gwaggonki ta san gidan, za ta kai ki. Ni ba zan iya zuwa bana ba, kin san yadda maganar takarduna take, in na fita ban da tabbacin dawowa. Kuma ina tsoron in na ce sai baɗi, in sake yin abin da na saba.

Ga abin da nake roƙon ki. Ban ce umarni ba, don nauyina ne nake ɗora miki, kuma na san ba adalci ba ne. Kafin ki fara shiga aji, ki je ki gaishe ta. Ki durƙusa, ki kira ta Inna, ki ce ke 'yar Rabi ce. Za ta shafa fuskarki, ki bar ta. Sannan ki sa mata ƙunshin a hannu ki ce, Abuya ya ce bai ƙona ba, ƙarya ya yi, kuma Rabi ba ta sani ba har ta rasu. Wannan na ƙarshen kada ki manta shi, ya fi sauran muhimmanci. Kada ki gyara min magana, kada ki ce ai lokacin yana yaro, ba yaro ba ne ni. Ki ce ina neman gafararta, ita da Malam Idi.

Ki gaya mata kuma akwai kwafi a wayarki, kin juye ba ki san tarihinsa ba. Daga yau har ranar kada ya fita zuwa wayar kowa. In ta ce ki riƙe, kin samu halal, ki ji muryar mahaifiyarki iya son ranki, ke kaɗai. In ta ce a goge, ki goge a gabanta, ki gaya mata kin goge tunda ba ta gani. Na san abin da nake nema a wurinki. Kwana uku kacal kika yi da muryar uwarki, ni na yi shekaru, ga shi ina cewa ki sa ta a hannun wata ta yanke hukunci. Ina rubuta wannan ina kuka, ba zan ɓoye miki ba. Kada ki roƙe ta, kada ki yi mata kuka don ta ji tausayi ta bari. An taɓa karɓar abu a wurinta don tana son Rabi, kada mu sake.

In ta ƙi yafewa, ki yi mata godiya ki tashi. Haƙƙinta ne. Ki ci gaba da zuwa gaishe ta ranar da babu karatu, ki riƙa kai mata ɗan turare, tana son mai sanyin ƙamshi.

Na'urar da kika aro tana nan kan tebur, kin manta ba ki mayar ba, zan aika wa masu ita. Yau bayan azahar na zauna da ita a gabana, ga kaset, ga wayata. Na ga yadda kike yi, ba wuya. Na daɗe a zaune. Ban juye ba. Ina gaya miki ne don kada ki yi zaton akwai wani a ajiye a nan in aka goge naki. Babu. Wanda ke cikin hankicin da wanda ke wayarki su ke nan.

Sauran nasiha kin ji ta har kin gaji: salla a kan lokaci, ki ci abinci ko ba ki saba da shi ba, ki yi wa Gwaggonki biyayya ko da ta cika faɗa, ta cika kuwa. In suka yi dariyar Hausarki ki taya su, wata uku za ki fi su.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya zaunar da ke lafiya, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya kare ki daga cin amanar kowa da kuma wanda zai ci taki. Allah Ya ba ki ilimi mai amfani, Ya dawo min da ke in gan ki da idona. Allah Ya jiƙan mahaifiyarki da Malam Idi, Ya sanyaya zuciyar Hajiya Kande. Gobe in na yi ɗawafi zan ambaci sunanki a kowane zagaye.

In ta ce a saka mata ta ji, ki nemo rikoda a maƙwabta, ba za a rasa ba. Duk shekarun nan a wurin dariyar mahaifiyarki nake barin zaren. Yau na sa biro na juya shi har farko, inda Hajiya ta yi bismillah ta buga ƙwarya. Muryarta ce, ita ya kamata ta fara ji.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki.